Karon farko a kan ƙanƙara da ƙawayena, na dawo da targaɗe: in koma ko in haƙura?

Sabuwar Shiga:
Salamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma sai na ba ku labari tukuna.

Asabar ɗin da ta wuce ni da ƙawayena huɗu muka je filin zamiyar ƙanƙara, irin na cikin gini. Ban taɓa sa takalmin nan mai ƙarfe a ƙasa ba. Cikinmu biyar mutum ɗaya ce ta iya, ita ce ma ta yi ta zuga mu tun watan jiya. Wajen karɓar takalmin haya na nemi wanda ya fi ƙafata da lamba ɗaya, don na sa safa biyu masu kauri saboda sanyi. Ina taka ƙanƙarar na ji kamar ƙafafun ba nawa ba ne, idon sawuna duka biyu suka karkata ciki. Na riƙe katangar gefe da hannu biyu, na shafe kusan minti 20 ban yi nisan kirki ba.

Sai ƙawar tamu da ta iya ta zo ta ce in ba ta hannu, wai muddin ina manne da katanga ba zan taɓa iyawa ba. Na ba ta na dama, wata da ita ma ba ta iya ba ta kama na hagu, ta uku ta kama nata, muka zama jere kamar sarƙa. Wallahi da farko na ji wani daɗi da ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ƙafata ba ta motsi amma ina tafiya, iska mai sanyi na dukan fuskata. Muna shan kwana ta ƙarshen jeren ta zame, ta fizgo ta kusa da ni, ita kuma ta fizge ni. Hannuna ya kuɓuce, na tafi ta baya, na tokare da shi.

An duba a asibiti, babu karaya, targaɗe ne. Yanzu suna cewa mu koma nan da mako uku ko huɗu. Raina na so, don 'yan daƙiƙun nan da na yi ina shawagi sun ƙi fita daga zuciyata. Amma ina tsoro. Waɗanda suka iya, don Allah me muka yi ba daidai ba? Kuma koyo tare da ƙawaye dabara ce, ko in nemi mai koyarwa ni kaɗai?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam. Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin a shiga maganar komawa bari in tsaya a kan hannun, don aikina ke nan. Ki miƙe babban yatsanki sama, za ki ga wani ɗan rami ya bayyana a gindinsa, daidai wuyan hannu. Ki danna wurin a hankali. Idan zafi ya soke ki, ki koma ki ce a sake ɗaukar hoto. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a nan da yake yawan tsagewa idan mutum ya faɗi ya tokare da tafin hannu, kuma sau da yawa tsagewar ba ta fitowa a hoton ranar farko, sai bayan kwana 10 zuwa 14. Jini ba ya isa wannan ƙashin sosai, shi ya sa in aka yi sakaci yake ƙin haɗewa. Ba tsorata ki nake yi ba. Sai kuma ki gaya min, kanki ya bugu?

Sabuwar Shiga:
Na gode Anti. Na danna, babu zafi a ramin, ta bayan hannun ne yake min ciwo, kuma kumburin na sauka. Kaina bai bugu ba, amma saura ƙiris, don hular sanyina sai daga baya aka tsinto min ita.

Ɗan Hoki:
Sannu 'yar'uwa. Na daɗe ina buga hoki, wasan nan na sanda, a kan ƙanƙara, kuma ni tun daga wajen karɓar takalmi na ga inda aka fara kuskure. Mutane da yawa suna cewa idon sawunsu ne ba shi da ƙarfi. Yawanci ba haka ba ne, takalmin ne ya yi yawa ko ba a ɗaure shi da kyau ba. Duk nauyin jikinki yana kan ƙarfen da faɗinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. Idan ƙafa tana yawo a cikin takalmi, abin da kika umarci ƙafarki ba ya isa ga ƙarfen.

Ki nemi daidai ƙafarki, safa ɗaya siririya doguwa. Ki buga dunduniya ta zauna can baya kafin ki fara ɗauri. Wajen yatsu ki ɗaure daidai misali, wajen da ƙafa ke lanƙwasawa ki ja igiyar da ƙarfi sosai, can sama kuma ki bar ɗan sarari don gwiwa ta samu tanƙwaruwa. Ki miƙe a kan shimfiɗar roba ki gwada: in dunduniya na ɗagawa, ki sake. Bayan minti goma a kan ƙanƙara igiya takan saki, ki fita ki ƙara ja.

Ki kuma juya takalmin ki duba ƙarfen. Ba kamar wuƙa yake ba. Akwai ɗan kwari a tsakiyarsa daga gaba har baya, don haka kaifi biyu gare shi, na ciki da na waje. Su ne suke cizon ƙanƙara. Ki goga bayan farcenki a kai a hankali, in bai ɗan kankare farcen ba to ya dakushe, ki ce a canza miki. Takalmin haya mai dakusasshen ƙarfe ko gwani sai ya zame gefe da shi.

Maman 'Yan Biyu:
Maganar takalmi na yarda. Amma na ga alamar za a ɗora wa riƙon hannu laifi, ni kuma ban yarda ba. Da hannuna na koya wa 'ya'yana biyu, kuma ni kaina da ban samu wadda ta riƙe ni ranar farko ba da ban koma ba. Tsoro shi ne babban abin da ke hana mutum, hannun wanda ka amince da shi kuma shi ke kashe tsoro. Ƙawar nan taki ba ta yi laifi ba da ta raba ki da katanga. Da ta bar ki, da har aka tashi kina nan a maƙale, ki koma gida ki ce abin ba naki ba ne.

Mai Aikin Fili:
Hajiya, da girmamawa, bari in faɗi abin da nake gani kullum, don a irin wannan filin nake aiki. Ke kin iya, kuma yaro kika riƙe wanda nauyinsa bai kai rabin naki ba. In ya zame ɗaga shi kawai za ki yi. Abin da ya faru da baiwar Allah nan daban ne: manya huɗu, uku ba su iya ba. A irin wannan jeren faɗuwar mutum ɗaya faɗuwar kowa ce. Sannan a kwana na ƙarshen jere yakan zagaya da'ira mafi faɗi idan yana ta waje, gudunsa ya fi na kowa, alhali shi ne bai iya birki ba. Filaye da yawa sun hana jeren da ya wuce mutum biyu ko uku saboda haka, kuma mu ma'aikata da mun gani muke hura usur.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne in mutum uku suka zube wuri ɗaya, ƙarafa shida ne ke yawo kusa da yatsu da fuskoki. Shi ya sa ba ma son kowa ya shiga babu safar hannu.

Maman 'Yan Biyu:
To, jeren mutum huɗu kam ban kare shi ba. Amma mutum biyu fa? Kada a tsorata yarinya har ta ƙi hannun kowa.

Ɗan Hoki:
Ko mutum biyu, ya danganta da yadda aka riƙe. Idan na kama hannunki ɗaya daga gefe ina jan ki, kafaɗarki ɗaya ta karkace, jikinki ya jingina da ni, kin koyi jingina ne ba tsayuwa ba. Ina sakin ki sai ƙasa. Katanga ma haka take yi wa mutum: ana zagaya fili ne akasin juyawar hannun agogo, katanga na hannun dama, sai ka ga mai koyo ya karkace dama har ya saba. Ni ra'ayina a bar katanga bayan minti biyar.

Dattijon Zaure:
A'a ɗana, minti biyar ka yi gaggawa. Na haura hamsin kafin na fara, kuma zagaye biyu cur na yi da hannuna a kan katanga, ban ji kunyar kowa ba. Bambancin shi ne ɗora hannu da rataye jiki. Ki ɗora yatsu kawai, nauyinki na kan ƙafafunki. Zagaye na gaba ki ɗaga hannun ɗan taƙi sama da katangar, kin san tana nan in kin buƙata. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ya buɗe min kai kuwa shi ne da na gane ba tafiya ake yi ba. A ƙasa muna tura ƙafa baya mu yi gaba. A kan ƙanƙara in kika tura baya kai tsaye ƙarfen zamewa zai yi, don haka aka ƙera shi. Gefe ake turawa. Ki haɗa dunduniya, ki buɗe yatsu waje, ki danna kaifin ciki na ƙafa ɗaya ki tura gefe, ɗayar ta ɗauke ki.

Mutanen da ma sai da suka ɗauki dogon zamani kafin su kai ga wannan. Na farko a arewacin Turai ƙasusuwan ƙafar doki da na shanu suke ɗaurawa a ƙasan takalmi. Ƙashi ba shi da kaifi, ba ya cizon ƙanƙara, don haka da sanda mai tsini suke tura kansu. Sai wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 mutanen Holan suka sa ƙarfe mai kaifi, sannan aka ajiye sanda aka koma turawa da ƙafa. Wanda bai san amfanin kaifin ciki ba har yanzu yana zamanin ƙashi ne, dole ya nemi abin da zai ja shi, ko katanga ko hannun ƙawa.

Ƙanin Kowa:
Baba wannan bayani ya yi. Ni abin da aka koya mana a makaranta shi ne nauyin mutum a kan siririn ƙarfe ne ke narkar da ƙanƙarar, sai ya zama a kan ruwa kake tafiya. Ke nan mai jiki ya fi siriri saurin zamewa?

Malamin Fiziks:
Ɗan'uwa, wannan bayanin ya daɗe a littattafai, tun ƙarni na 19, amma lissafinsa bai cika ba. Gaskiya ne matsi na sa ƙanƙara ta narke ƙasa da digiri sifili, sai dai kafin ka sauke ma'aunin narkewar da digiri 1 tak kana buƙatar matsin da ya kai kusan ninki 130 na matsin iskar da ke kanmu. Nauyin mutum a kan ƙarfe 'yan digiri kaɗan zai iya saukewa, alhali ana zamiya lafiya lau a digiri 20 ƙasa da sifili. Ga shi kuma mai takalmin gida, da tafinsa mai faɗi, shi ma santsi na kwasar sa.

Abu biyu ne suka fi ƙarfi. Masanin kimiyya Michael Faraday tun tsakiyar ƙarni na 19 ya nuna cewa fatar saman ƙanƙara ba ta daskare sosai ba, ƙwayoyin ruwan da ke can sama suna da sakewar motsi ko ba a taɓa su ba. Sannan a 1939 wasu masana biyu, Bowden da Hughes, suka nuna cewa zafin gugar da ke tsakanin abin da ke zamewa da ƙanƙara na ƙara narkar da saman. Don haka mai jiki kada ya ji tsoro, siriri kuma kada ya saki jiki.

Anti Nas:
Malam mun ƙaru, amma mu dawo kan yarinyar nan. Har yanzu ba wanda ya gaya mata yadda ake faɗuwa, kuma shi ne ya kai ta asibiti.

Ƙanwata, za ki sake faɗuwa, wannan ba makawa. Masu koyarwa na kirki da shi suke fara darasi. Faɗuwa ta baya ita ce mafi muni, don ƙeya da ƙashin ƙugu da wuyan hannu duk a nan suke samun rauni. Tana zuwa ne idan mutum ya ji tangal-tangal sai ya miƙe zumbur yana wulwula hannu sama. Akasin haka ake yi. Da kin ji za ki tafi, ki tanƙwara gwiwa, ki ɗora hannu biyu a kan gwiwoyinki. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa ki daidaita. In kuma abin ya ƙi, kin riga kin yi kusa da ƙasa, sai ki saki jiki ta gefe a kan cinya, haɓa a manne da ƙirji. Kina isa ƙasa ki dunƙule yatsu ki jawo hannu jikinki.

Tashi kuma: ki juya ki yi kamar mai rarrafe, ki kafa ƙafa ɗaya tsakanin hannayenki, ki dafa wannan gwiwar da hannu biyu ki miƙe. Kada ki bari wadda ba ta iya ba ta miƙo hannu ta ɗaga ki, ku biyu za ku koma.

Ki sa hular kwano, ko ta keke ce ta fi babu. Kuma tunda hannun ya taɓa samun rauni, ki nemi abin kare wuyan hannu irin na masu takalmin taya. In wani cikinku ya bugu a kai ya ji jiri, ko amai, ko ya rikice, wasa ya ƙare ranar, a tafi asibiti.

Ƙanin Kowa:
Hular kwano kuma Anti? Babba guda cikin yara? Ni fa kallon mutane ne ma ya hana ni zuwa irin filayen nan. Akwai wani tafki kusa da inda muke da ke daskarewa, ni da abokaina mun yi shawarar mu je can mu koya, ba cunkoso ba mai kallon mu.

Dattijon Zaure:
Ɗana, ina roƙon ka da girman Allah kada ku je. Ka karanta wannan sau biyu.

Ƙanƙarar cikin gini 'yan santimita ce a kan daɓen kankare, in ka faɗi ka faɗi ke nan. Ta tafki ruwa ne a ƙarƙashinta. Ƙungiyar Red Cross ta Kanada tana cewa sai kauri ya kai santimita 15 kafin mutum ɗaya ya hau, taro kuma santimita 20. Ido ba ya auna wannan, sai an huda. Kaurin ma ba ɗaya ba ne ko'ina: inda ruwa ke gudana a ƙasa, da kusa da gada, da bakin magudana, duk ya fi siranta, kuma farar ƙanƙara mai haɗe da dusar ƙanƙara ba ta kai garau ɗin ƙarfi ba. Ranar 15 ga Janairu 1867 ƙanƙarar tafkin Regent's Park a Landan ta fashe da jama'a a kanta, mutum 40 suka mutu, a tsakiyar birni, gaban idon mutane. Bayan nan sai da aka rage zurfin tafkin. Mutanen Holan da suka gāji abin nan kaka da kakanni, babbar tserensu ta garuruwa 11 mai tsawon kusan kilomita 200 rabon da a yi ta tun 1997, don ba sa yarda a hau sai ƙanƙara ta kai kaurin da suka gindaya.

Ku kuma ba ku iya tsayawa ba, ba ku iya juyawa ba, kuma kun zaɓi wurin ne saboda babu kowa. In ɗaya ya rufta, na biyu zai ruga ceto shi ya bi shi. Kunyar hular kwano ta minti biyar ce.

Ƙanin Kowa:
Na ji Baba. Na tura wa abokan nawa abin da ka rubuta. Ba za mu je ba.

Mai Aikin Fili:
Madalla. Kuma maganar kallo, ka yarda da ni, kowa a filin nan da ƙafafunsa yake fama. In cunkoso ne ba ka so, ka zo da safe ko tsakiyar mako.

Ga 'yar dabara ga mai tambaya. Motar nan da ke shiga tana gyara fili, wadda Frank Zamboni ya ƙera ta farko a Kalifoniya a 1949, kankare saman take yi, ta kwashe dusar, ta shimfiɗa ruwa ya daskare sumul. Gwanaye wannan lokacin suke jira. Ke kuma ki bari a yi minti goma ko sha biyar ana zagayawa, saman ya ɗan yi zane-zane, santsin ya ragu. Ki cire waya daga hannu, hoton a ɗauka daga bayan katanga. Kada ki tsaya a bakin ƙofa, kada ki zauna a kan ƙanƙara kina hutawa. In kin faɗi ki tashi da wuri.

Wadda Ta Ja Su:
Salamu alaikum. Ni ce ƙawar da ake magana. Ita ta turo min in karanta, na kuma karanta duka tun daga sama.

Tun ranar ban samu natsuwa ba. Ni na kawo su, ni na ce a riƙe hannu. Abin da nake so ku gane shi ne ina 'yar shekara shida na koya, ban san yadda na koya ba. Da ta tambaye ni me za ta yi da ƙafarta, na tsaya ina kallon tawa ƙafar na rasa amsa. Sai yau da Baba ya rubuta maganar turawa gefe na san abin da nake yi ke nan shekara da shekaru. Da na ga ta maƙale a katanga fuskarta duk tsoro, so na yi ta ɗanɗani abin da nake ji, ko na minti ɗaya, don ta san dalilin da ya sa nake ta damun su. Ban yi tunanin kwana ba.

Ina so in gyara. Ku gaya min me zan yi in mun koma.

Maman 'Yan Biyu:
'Yata, kada ki ci kanki. Kin ji ita da bakinta ta ce daɗin da ta ji ne ke kiran ta ta koma, kuma ke kika ba ta shi. Abin da nake ta faɗa ke nan tun ɗazu.

Ɗan Hoki:
Hajiya a nan kam mun haɗu. Ke kuma 'yar'uwa, in kin iya tafiya da baya, ga aikinki. Ki tsaya a gabanta kina fuskantar ta, ki buɗe tafukanki sama daidai cibiya, ta ɗora nata a kai. Ba kamawa, ba ja. Ita ke kawo tafiyar, ke kina ja da baya daidai saurinta. Amfaninsa uku: kafaɗunta na daidai, idonta na kan fuskarki maimakon ƙasa, kuma in za ta faɗi, gaba za ta tafi ba baya ba. A hankali ki riƙa sauke tafukan har ya zama iska ce tsakaninku. Mutum ɗaya a lokaci ɗaya, sauran su jira a katanga.

Ki fara da ita da taku ƙanana kamar mai fareti, taku huɗu ko biyar sai ta haɗa ƙafa biyu ta bari ta zame. Sannan birki, tun ranar farko: gwiwa a tanƙware, yatsu su ɗan kalli juna, ta tura dunduniya waje har ƙarfen ya kankaro dusa. Ta fara gwadawa tana dafe da katanga, ƙafa ɗaya-ɗaya, ta tara ɗan tulin dusa a gefe. Wanda ya san zai iya tsayawa rabin tsoronsa ya tafi.

Ko da yake hoki nake yi, ku karɓar mata takalmin masu rawar ƙanƙara. Ƙarfensa ya fi tsawo ta baya kuma bai kai namu lanƙwasa ba, ya fi zama. Sai dai ta kula da haƙoran nan na gaba masu kama da zarto, in ta tura da su za su tuntsurar da ita.

Malamin Fiziks:
Kan tambayarta ta biyu da ba a amsa ba: ni na ce a haɗa. Ku biyar ɗin ku nemi darasi ɗaya na rukuni, rabin awa ya isa, har da wadda ta iya, don ta ji sunayen abubuwan da ƙafarta ta sani. Mai koyarwa zai ga kuskuren da ƙawa ba za ta gani ba. Amma ƙawaye ne za su sa ki fito mako na biyu da na uku, kuma a nan ake iyawa.

Sabuwar Shiga:
Na dawo da labari, bayan mako huɗu. Anti, sai da aka sake duba hannun aka ce ya warke kafin na je.

Mun koma mu huɗu, ta biyar ɗin ta ce ita ta haƙura, ba mu matsa mata ba, ta zo ta zauna a benci da jakunkunanmu. Na karɓi takalmi daidai ƙafata da safa ɗaya, kuma tun a kan roba na ji bambanci, idon sawuna ya tsaya cak. Mun yi darasin rabin awa, abin da aka fara sa mu shi ne mu zauna a kan ƙanƙara mu tashi, sau uku. Hular kwano na sa, ba wanda ya ko waiwayo.

Zagaye ɗaya na yi da yatsuna a kan katanga kamar yadda Baba ya ce. Daga nan ƙawata ta tsaya a gabana da tafukanta a buɗe. Ta ce in kalli hancinta kada in kalli ƙasa. Muna cikin tafiya ina ƙirga taku a raina, sai na ji wadda ke benci tana kiran sunana da ƙarfi. Ashe ta daɗe da sauke hannayenta, ta ma goya su a baya. Na yi tsawon filin guda ni kaɗai. Na faɗi sau biyu bayan nan, duka ta gefe, na kuma tashi da kaina.

Birkin ne har yanzu ƙafar dama kawai ke yi, ta hagu sai ta ƙi kankara. Kuma tafin ƙafata ya yi ta zafi bayan kamar minti 20. Haka yake ga kowa?

Ɗan Hoki:
Barka, kin yi ƙoƙari ƙwarai. Zafin tafin nan yawanci daga ƙanƙame yatsu ne, mai koyo yakan dunƙule su cikin takalmi ba tare da ya sani ba. In kin ji ya fara, ki fita ki zauna minti biyar, ki ɗan sassauta igiyar ta wajen yatsu kaɗai, ki motsa su. Ta hagu kuma kina danna kaifin da yawa ne shi ya sa yake cizo maimakon kankara. Ki rage nauyi a kanta, ki miƙar da ƙarfen ya kusa kwantawa daidai a kan ƙanƙara, ki yi sau ashirin a bakin katanga kafin ki shiga zagaye ranar Asabar.